Tarihin Lasisin Ɗora Babbar Manhaja a Kan Na'urorin Wasu Kamfanoni

Babbar manhaja ita ce wadda ke riƙe da ragamar kwamfuta ko wayar hannu. Ita ke tayar da na'urar idan an kunna, ita ke raba aiki tsakanin sassanta, kuma a kanta sauran manhajoji suke zama. Windows da Android da macOS da Linux duk irinta ne. Yawancin mutane ba su taɓa sayen babbar manhaja ita kaɗai ba, domin a cikin na'ura suke tarar da ita. Amma kamfanin da ya ƙera na'urar, Dell ne ko HP ko Samsung, galibi ba shi ya rubuta manhajar ba. Izini ya karɓo daga mai ita, a rubuce, bisa sharuɗɗa. Wannan lasisi shi ke faɗin nawa za a biya a kan kowace na'ura, abin da maƙeri zai iya canzawa da wanda ba zai taɓa ba, manhajojin da dole ya ɗora tare da ita, da wanda zai ji da koken mai saye idan matsala ta taso. Mai saye ba ya ganin takardar, amma kuɗinta na cikin farashin da ya biya, kuma ita ce ta zaɓa masa abin da zai fara gani a fuskar na'urarsa.

A zamanin manyan kwamfutoci masu cika ɗaki babu irin wannan ciniki, domin mai ƙera na'ura shi ke rubuta manhajarta, ya haɗa su a farashi guda. A shekarar 1969, shekarar da gwamnatin Amurka ta maka kamfanin IBM a kotu kan zargin danne abokan gasa, kamfanin ya sanar da cewa zai riƙa sa wa manhajoji da yawa farashinsu daban. Daga nan manhaja ta zama hajar da ake sayarwa da kanta. Da ƙananan kwamfutoci suka bayyana a shekarun 1970, Gary Kildall ya rubuta babbar manhajar CP/M, ya kafa kamfanin Digital Research. Dabararsa ita ce ware ɗan ɓangaren da ke magana da sassan na'ura kai tsaye, ta yadda kowane maƙeri zai gyara wannan ɓangare kaɗai ya ɗora sauran yadda yake. Kamfanoni da dama suka karɓi lasisin CP/M, kuma wannan ne mafarin sana'ar sayar wa maƙera babbar manhaja.

Cinikin da ya sauya komai ya faru ne a 1980. IBM na gaggawar fitar da ƙaramar kwamfuta, kuma tattaunawarsa da Digital Research ba ta kai ga daidaitawa ba. Sai ya koma ga Microsoft, wanda a lokacin bai mallaki babbar manhajar da ta dace da aikin ba. Microsoft ya nemo 86-DOS, wadda Tim Paterson ya rubuta a kamfanin Seattle Computer Products, ya fara da karɓar lasisinta, sannan ya saye ta gaba ɗaya a kan dala 50,000 a watan Yulin 1981. A watan Agusta IBM ya fitar da kwamfutarsa, manhajar na ɗauke da sunan PC DOS, farashinta dala 40. Da CP/M-86 ta iso daga baya, dala 240 aka sa mata, masu saye kuwa ba su yi dogon tunani ba. Amma abin da ya fi farashin muhimmanci shi ne sharaɗi guda a yarjejeniyar: IBM bai keɓe manhajar ga kansa ba. Microsoft ya riƙe ikon sayar da ita ga duk wanda ya ga dama da sunan MS-DOS. Da Compaq ya fitar da kwamfutar da ke aiki daidai da ta IBM a 1983, kuma kamfanin Phoenix ya fara sayar da nasa kwafin ɓangaren tayar da na'ura a 1984, sai ƙofa ta buɗe ga ɗaruruwan maƙera. Kowannensu na gasa da ɗan'uwansa a kan farashi, amma duk a shago ɗaya suke sayen manhaja.

Daga wajen 1988 Microsoft ya fara ba maƙera wani nau'in lasisi mai rangwame, wanda ake lissafa kuɗinsa bisa yawan kwamfutocin da kamfani ya fitar masu ɗauke da wani nau'in ƙwaƙwalwa, ko an ɗora musu MS-DOS ko ba a ɗora ba. Lissafin ya yi kama da na jangali: kai ake ƙirgawa, ba a tambayar abin da dabbar ta ci. Microsoft ya ce tsarin na sauƙaƙa lissafi kuma yana rage satar manhaja, tunda kwamfutar da aka sayar babu komai a cikinta sau da yawa kwafin sata ake ɗora mata. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan, amma illar a bayyane take. Maƙerin da ya so ɗora DR DOS ta Digital Research, wadda fitowarta ta 1990 ta samu yabo sosai, sai ya biya sau biyu a kan kwamfuta ɗaya. Ga kuma wa'adin yarjejeniya mai tsawon shekaru, da sharaɗin mafi ƙarancin adadin da dole kamfani ya biya ko ya sayar ko bai sayar ba, wanda rarar da ta saura ake tura ta cikin sabuwar yarjejeniya. Duk wanda ya yi niyyar ficewa sai ya tuna kuɗinsa da ke maƙale.

Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta fara bincike a 1990, amma kan mambobinta ya rabu biyu, sai Ma'aikatar Shari'a ta karɓi batun a 1993. A watan Yulin 1994 aka yi sulhu. Microsoft ya amince zai daina lasisin ƙidayar kai, zai daina sharaɗin mafi ƙarancin adadi, kuma wa'adin yarjejeniya ba zai wuce shekara ɗaya ba. An kuma hana shi tilasta wa maƙeri karɓar wata hajarsa kafin ya ba shi babbar manhaja, sai dai an bar masa damar ƙirƙirar kayan da aka haɗe su wuri guda. Alƙali Stanley Sporkin ya ƙi amincewa da sulhun yana ganin ya yi sassauci, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncinsa, aka tabbatar da sulhun a 1995. Ga DR DOS kuwa magani ya zo bayan cuta ta gama cin jiki. Manhajar ta riga ta koma hannun Novell, daga nan Caldera, wanda ya kai ƙara a 1996 aka sasanta a 2000. Daga baya aka gano kuɗin sasantawar dala miliyan 280 ne.

Waccan togaciya ta kayan da aka haɗe ita ta haifi babbar shari'a. Da intanet ta bunƙasa, manhajar shiga intanet ta Netscape ta mamaye kasuwa, Microsoft kuma ya ɗinke tasa, Internet Explorer, a jikin Windows. Lasisin maƙera ya zama makamin yaƙin. An hana su cire alamar Internet Explorer daga fuskar kwamfuta, an hana su canza jerin abubuwan da mai saye zai gani a karon farko da ya kunna na'ura. Da Compaq ya cire alamar daga wasu kwamfutocinsa, a 1996 aka aika masa takardar barazanar soke lasisinsa na Windows, ya mayar da ita. IBM, wanda ke sayar da tasa babbar manhajar OS/2 da wasu manhajojin ofis masu gasa da na Microsoft, bai samu lasisin Windows 95 ba sai saura minti 15 a fara bikin ƙaddamar da ita ranar 24 ga Agustan 1995, alhali abokan gasarsa sun daɗe da shirya kayansu. Waɗannan bayanai sun fito ne a shari'ar da gwamnatin Amurka da jihohi 20 suka shigar a watan Mayun 1998. Alƙali Thomas Penfield Jackson ya bayyana a 1999 cewa Microsoft na da ikon kane-kane a kasuwa, a 2000 kuma ya ba da umarnin raba kamfanin gida biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin rabawar a 2001, amma ta tabbatar da cewa yawancin takunkuman da aka sa wa maƙera sun saɓa doka. Sulhun da Alƙaliya Colleen Kollar-Kotelly ta amince da shi a 2002 ya wajabta wa Microsoft ba manyan maƙera 20 sharuɗɗa iri ɗaya, ya hana shi ramuwar gayya a kan wanda ya ɗora manhajar abokin gasa, ya kuma ba maƙera damar ɓoye hanyar shiga Internet Explorer. Sa idon kotu ya ci gaba har 2011.

Cikin waɗanda sharuɗɗan suka karya kafin hukunci ya iso akwai kamfanin Be, mai babbar manhajar BeOS. Ya yi tayin ba maƙera ita kyauta su ɗora kusa da Windows. Hitachi ya ɗora ta a wasu kwamfutocinsa, amma ba tare da zaɓin da zai nuna wa mai saye ita ba idan ya kunna. Be ya rushe, ya kai ƙara a 2002, aka biya shi sama da dala miliyan 23 a 2003 ba tare da Microsoft ya amsa laifi ba.

A ɓangaren mai saye, lasisin maƙera ya sha bamban da na kwalin da ake saye a shago. Ya fi araha nesa ba kusa ba, amma a ɗaure yake da kwamfutar da aka fara ɗora shi a kanta, ba a ɗauke shi a kai wata, kuma maƙerin ne ke da alhakin taimaka wa mai saye. Shaidarsa a da ita ce sitikar nan mai ƙyalli da lambobi da ake mannawa a ƙarƙashin kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda duk mai hulɗa da kwamfutocin gwanjo ya san ta. Daga Windows XP a 2001 aka fara tilasta tantance kwafi da lambarsa, daga Windows 8 a 2012 kuma manyan maƙera suka koma binne lambar a cikin babban allon na'urar, sitika mai lamba ta ɓace. Ga masu gyara tsofaffin kwamfutoci su sake sayarwa, Microsoft ya ware wani lasisi na daban.

Takardar amincewar da mai saye ke gani a fuskar kwamfuta ta daɗe tana cewa wanda bai yarda da sharuɗɗan ba ya tuntuɓi maƙeri a mayar masa da kuɗi. Masu amfani da Linux suka riƙe wannan magana. Ranar 15 ga Fabrairun 1999 suka yi gangami a ofisoshin Microsoft suna neman kuɗin Windows ɗin da ba su yi amfani da ita ba, kamfanin ya ce su koma ga maƙera, maƙeran kuma yawanci suka ce sai dai a dawo da kwamfutar ɗungurungum. Kotunan Turai sun yi hukunci mabambanta. Babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke a 2000 cewa ɗan kasuwar da bai sa hannu a yarjejeniya da Microsoft ba yana iya sayar da kwafin maƙera ba tare da kwamfuta ba. Kotun ƙolin Italiya a 2014 ta ba wani mai saye gaskiya a kan HP, ta ce yana da haƙƙin karɓar kuɗin manhajar. Amma a 2016, a wata ƙara da aka shigar kan Sony a Faransa, kotun Tarayyar Turai ta ce sayar da kwamfuta da manhaja a haɗe ba zalunci ba ne a karan kansa, muddin an sanar da mai saye tun farko.

Hukumar Tarayyar Turai ta bi wata hanya. A 2004 ta ci tarar Microsoft yuro miliyan 497, ta kuma umarce shi ya samar wa maƙera Windows marar manhajar kallo da sauraro ta Media Player. Aka fitar da ita da sunan Windows XP N a farashi ɗaya da cikakkiyar, saboda haka kusan babu maƙerin da ya waiwaye ta. Darasin ya yi amfani, domin a 2009 hukumar ta karɓi alkawarin nuna wa masu saye allon zaɓen manhajar shiga intanet. Da allon ya ɓace daga wani sabuntawa na Windows 7 na tsawon fiye da shekara, aka sake cin tarar yuro miliyan 561 a 2013.

Apple ya gwada wannan sana'a sau ɗaya ya janye. Daga 1995 ya fara ba kamfanoni irin su Power Computing da Motorola da UMAX lasisin ƙera kwamfutoci masu manhajar Mac. Maimakon su jawo sababbin masu saye, sai suka riƙa kwashe na Apple da farashi mai sauƙi, kuɗin lasisin kuwa bai kai ribar da kamfanin ke samu a kan na'ura ba. Da Steve Jobs ya dawo kamfanin ya rufe shirin a 1997, ya sayi lasisin Power Computing a kan dala miliyan 100. Tun daga nan sharaɗin Apple shi ne ba a ɗora manhajarsa sai a kan na'urarsa. Kamfanin Psystar na jihar Florida ya keta wannan a 2008, kotu ta dakatar da shi a 2009.

Akwai kuma lasisin da ba ya neman ko sisi, amma yana da nasa sharaɗi. Richard Stallman ya fitar da lasisin GPL a 1989, Linus Torvalds ya sa Linux a ƙarƙashinsa a 1992. Kowa na iya ɗora Linux a kayan da zai sayar, amma dole ya haɗa da takardar lasisin, ya kuma ba mai saye asalin rubutun manhajar, har da gyare-gyaren da ya yi mata, ko ya yi masa rubutaccen alkawarin bayarwa. Maƙeran talabijin da na'urorin rarraba intanet da yawa sun ɗauki kyautar suka manta da sharaɗin. A 2003 aka gano Linux a cikin na'urar WRT54G ta Linksys, matsin lamba ya sa aka saki rubutun, daga cikinsa kuma aka gina manhajar OpenWrt da ake amfani da ita har yau. Wannan misali ne mai kyau na abin da sharaɗin ke nufin cimmawa. A Jamus Harald Welte ya samu umarnin kotun Munich a kan Sitecom a 2004, ya yi nasara a kan D-Link a Frankfurt a 2006, abin da ya kawar da shakkar ko kotu za ta ɗauki lasisin kyauta da muhimmanci. A Amurka masu manhajar BusyBox sun fara kai ƙara a 2007. Kamfanin TiVo kuwa ya bi harafin lasisin, ya saki rubutun, amma ya kulle na'urarsa ta yadda ba za ta karɓi manhajar da aka gyara ba. Fitowa ta uku ta GPL a 2007 ta hana haka a kayan amfanin gida, sai dai Linux ta tsaya a kan fitowa ta biyu.

Barazanar manhajar kyauta ta taɓa farashin Windows ma. Da Asus ya fitar da ƙaramar kwamfutar Eee PC da Linux a 2007, Microsoft ya tsawaita rayuwar Windows XP da farashi mai rahusa ga irin waɗannan na'urori, bisa sharaɗin kada ƙarfinsu ya wuce iyakar da ya gindaya. A nan lasisin manhaja ne ya yanke wa maƙeri girman abin da zai ƙera. A 2014 kuma ya daina karɓar kuɗi a kan wayoyi da ƙananan alluna masu fuskar da ba ta kai inci 9 ba.

Dalilin wannan sauƙi shi ne Android, wadda Google ya saya a 2005, wayarta ta farko ta fito a 2008. Tsarin Google hawa biyu ne. Gindin manhajar a buɗe yake, kowa na iya ɗauka kyauta. Amma shagon Play da taswira da YouTube da Gmail mallakin Google ne, kuma wayar da babu shagon Play da wuya ta samu kasuwa a wajen Sin. Mai son su sai na'urarsa ta ci jarrabawar dacewa, ya kuma sa hannu a yarjejeniyar da ta wajabta masa ɗora manhajojin a dunƙule, har da manhajar bincike ta Google da Chrome, a wuraren da aka ƙayyade. Wata yarjejeniyar ta hana shi sayar da kowace na'ura mai ɗauke da reshen Android da Google bai amince da shi ba. Duk wanda ya karanta shari'ar 1998 zai gane fuskar waɗannan sharuɗɗa, bambancin kawai shi ne a nan ba kuɗin lasisi ake nema ba, hankalin mai waya ake nema, domin daga talla ribar take fitowa. A watan Yulin 2018 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Google yuro biliyan 4.34, kotu ta rage zuwa biliyan 4.125 a 2022 amma ta tabbatar da yawancin hukuncin. Google ya raba yarjejeniyoyin a Turai, ya fara karɓar kuɗin lasisi a kan wayoyin da ake sayarwa can. Hukumar kula da gasa ta Indiya ita ma ta ci tararsa a 2022 a kan sharuɗɗa makamantan waɗannan.

Wayoyin Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, waɗanda suka cika kasuwar Farm Centre ta Kano da sauran kasuwannin waya na Afirka ta Yamma, da irin wannan izini na Google suke zuwa da shagon Play, shi ya sa manhajojinsa ke zaune a cikinsu tun kafin a buɗe kwali. Abin da rasa izinin ke jawowa kuwa an gan shi a kan Huawei. A watan Mayun 2019 gwamnatin Amurka ta sa kamfanin a jerin waɗanda aka taƙaita cinikin fasaha da su, Google ya daina ba sababbin wayoyinsa lasisi. Wayar Mate 30 ta fito a shekarar da Android buɗaɗɗiya amma babu shagon Play, cinikin wayoyin Huawei a wajen Sin ya faɗi ƙwarai, kamfanin ya juya ga shagonsa na AppGallery da babbar manhajarsa ta HarmonyOS.